Kalacin Bakin Iyaka

Mutumin Riko, a ƙaramar hukumar Jibiya, ba ya buƙatar a nuna masa taswira kafin ya san Nijar na kusa. Yana jin ta a harshen maƙwabcinsa, yana ganin ta a kuɗin da ke yawo a aljihun direbobi, kuma da wuya ka shiga gidan da ba a auro wata daga can ba, ko ba a kai wata can ba. Daga Magama a tsallaka Ɗan Isa, daga Ɗan Isa a miƙe Maraɗi. In hanya ta yi kyau, masu shinge kuma ba su tsare ka ba, sai ka yi sallar asuba a nan ka sha hantsi a can. Duk da wannan kusanci, akwai ɗan abin da in aka zo kansa majalisa kan rabu biyu, kowa ya kafe a kan nasa, wato abin da ake karya kumallo da shi. Ba a musu a kan koko, ba a musu a kan fura. Musun na burodi ne da danginsa na fulawa, har zuwa irin na zamanin nan da ake cusa wa nama da cuku a ciki.

Rabuwar ba tsohuwa ba ce. Mu da muka yi wayo a shekarun 1970 mun tarar da safiya iri ɗaya a nan da Ɗan Isa da Madarumfa. Gidan da tuwo ya yi saura, ɗumame ne, da miyar kuka wadda kwana ya ƙara wa daɗi. In babu, a aiki yaro da ƙwarya gidan mai koko. Kokon ma ba aikin wasa ba ne. Tun jiya aka jiƙa gero, aka niƙa shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, aka tace, aka bar gasarar ta kwanta ta ɗauki tsami, sai da asuba a dama. Kusa da mai koko akwai mai ƙosai, ta surfe wakenta ta markaɗa, tana buga ƙullun har ya tashi, tana sakawa cikin man gyaɗa. Mai jego kunun kanwa, mai azumi kunun tsamiya. Fura kuwa sai rana ta ɗaga, a dama ta da nonon da Fulani suka kawo, a kai wa masu aiki gona. Duk abin da zai shiga cikin mutum kafin azahar, daga gonar da ake zuwa da ƙafa ya fito, ko daga rugar bayan gari.

Ba abin mamaki ba ne safiyar ta zama ɗaya, tunda mutanen ɗaya ne. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a wajajen 1807, Ummarun Dallaje ya hau, tsofaffin sarakunan suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi a wajajen 1819. Har gobe sarautar Maraɗi sunanta Sarkin Katsina. Layin da ya raba mu, Ingila da Faransa suka ja shi a takarda, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan aka bi ƙasa ana kafa alamomi har zuwa 1908. Ruwa bai san da shi ba. Gulbin da ke bi ta Jibiya shi ne ke shiga Nijar ya wuce ta gefen Madarumfa da Maraɗi, ya sake komowa Najeriya ya haɗu da Rima. Gero ma bai san da shi ba. Abin da ya san da layin shi ne abin da ya zo bayan an ja shi.

Alkama dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun noma ta a fadama da rani, suna ba ta ruwa da jigo, ana alkaki da funkaso da taliyar hannu, Kano kuma ta yi suna da gurasa. Sai dai abincin gidan sarauta ne, da biki, da gara, da saukar baƙo mai daraja. Talaka bai saba karyawa da ita ba. Farar fulawa ta buhu ita ta sauya lissafin, kuma ta shigo ta ƙofofi biyu dabam.

A ɓangarenmu ta Ikko ta biyo. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa a 1962, a shekarun 1970 aka samu wani a Kano. Kuɗin man fetur suka shigo, kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo hannun ma'aikata a farkon 1975, gidajen burodi suka bazu a birane, motoci suka ɗauko shi zuwa ƙauye. Burodin da muka gada irin na Ingilishi ne, wanda ake gasawa cikin gwangwani, amma mun juya shi yadda bakinmu ke so: an ƙara sukari, an ƙara bota, ya yi laushi ya yi nauyi. Tare da shi mai shayi ya bayyana. Duk wanda ya taɓa kwana a tashar Jibiya ya san teburin nan, da gwangwanayen Peak da Bournvita da Milo a jere, da tulin burodi a leda, da tukunyar Lipton tana tafasa. Mai shayi ya ɗaga kofi sama yana sheƙawa cikin wani har ya yi kumfa ya huce. Mai kuɗi ya ce a yi masa kauri, a soya ƙwai uku. Mai ƙaramin ƙarfi ya sha ruwan bunu da ɓarin burodi. Daga baya Indomie ta zo, wadda aka fara shigowa da ita a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota a tsakiyar shekarun 1990, ta samu gurbi a teburin har yara suka ɗauka tun asali tana nan.

A Maraɗi kuwa Faransa ce ta bar nata. Dogon burodi ne, baget, wanda asalinsa babu komai cikinsa sai fulawa da ruwa da gishiri da yis. Ba sukari, ba mai. Bayansa ya gasu ya yi ƙamas, cikinsa fari mai ramuka. Da sassafe za ka ga yara sun jera shi tsaye cikin kwali a bayan keke ko babur suna rabawa. Mai tebur ya tsaga shi a tsaye, ya shafa mayonez, ya shimfiɗa wainar ƙwai da albasa, ko dafaffen wake, ko kifin gwangwani, ko yankakken nama da yaji, ya naɗe a takarda. Abin sha Nescafé ne da madara mai kauri mai zaƙi. Shayin ƙananan kofuna, mai ɗaci, wanda samari ke dafawa a fada suna hira, wannan nasa lokacin dabam ne.

To a nan ake fafatawa. Direban da ya saba da burodin leda, in aka miƙa masa baget a Ɗan Isa, sai ya juya shi ya ce, “Malam, wannan burodi ne ko sandar kiwo? Ai sai ya yanke wa mutum dasashi.” Ɗan Maraɗi kuma in ya zo wajen dangi a nan aka kawo masa namu, zai ci don kunya, amma in kun saba zai faɗa maka gaskiya: “Yaya, naku kek ne, ba burodi ba. Ta yaya mutum zai haɗa zaƙi da ƙwai da albasa?” Na sha jin wannan musu a tasha da wajen suna da zaman makoki, kuma ban taɓa ganin wanda ya sauya ra'ayi a wurin ba.

Da na daɗe ina saurare sai na fahimci ba harshe kaɗai ke magana ba, hanya da aljihu ma suna ciki. Baget rayuwarsa ta yini ɗaya ce. Wanda aka gasa da asuba, kafin la'asar ya bushe, gobe kuwa sai dai a jiƙa. Burodi ne na wanda gidan burodi ke unguwarsu, wato na ɗan birni. Namu kuwa, saboda sukarin da man da ke cikinsa da ledar da aka ɗaure shi, yana kwana biyu uku da laushinsa. Shi ya sa ya zama tsaraba. Wanda ya dawo daga Katsina ko Kano ba ya shiga gida hannu rabbana, sai da burodi a leda, yara su tarbe shi tun daga bakin hanya. Ƙauye irin namu, inda babu mai gasawa kowace safiya, dole burodin da ke jure tafiya ya yi nasara. Kuma lebura da ɗan dako suna son abin da za su tsoma a shayi ya sha ruwa ya zauna a ciki. Shi ya sa har a ƙauyukan Nijar na bakin iyaka za ka tarar da namu a teburin mai shayi. Ni kaina in za a cusa ƙwai ko nama, na fi son dogon, domin yana riƙe abin da aka sa masa, ba ya narkewa a hannu, kuma rashin zaƙinsa na barin ɗanɗanon yaji ya fito. Akwai kuma abin da 'yan Maraɗi suka fi mu gaskiya a kai. Son laushi da kumbura ya taɓa kai wasu masu gidajen burodinmu ga zuba sinadarin bromet, mai cutarwa, har sai da hukumar NAFDAC ta zamanin Dora Akunyili ta tashi tsaye a kansu a farkon shekarun 2000. Burodin da ba a neman ya yi laushi fiye da kima ba ya jan mai shi zuwa irin wannan ha'inci.

Bayan burodi sai ƙannensa suka biyo, su ma kowane ta ƙofarsa. Mu muka samu mitfai, ƙullun fulawa mai kauri da aka naɗe niƙaƙƙen nama da dankali da karas a ciki. Shi ma gadon Ingilishi ne, shagunan Mr Bigg's da aka fara buɗewa a Ikko a 1986 suka yaɗa shi, yau ga shi a akwatin gilashi a kowace tasha, matan aure ma na yi a gida suna ba yara talla. Su kuma suka samu kurwasan. Yin sa aiki ne na haƙuri. A murza ƙullu, a shimfiɗa bota a tsakiya, a ninke, a sa a sanyi, a sake murzawa a sake ninkewa, har ya zama fallaye masu yawa, siraran gaske. In ya shiga wuta sai tururi ya ɗaga kowane falle, ya fito da girma amma ba nauyi. Asalinsa ma ba na Faransa ba ne. Wani mutumin Ostiriya, August Zang, shi ya buɗe gidan burodi irin na Biyana a Faris a ƙarshen shekarun 1830, Faransawa suka ɗauka suka gyara. A Faransa sukan tsaga shi su sa yankan naman alade mai gishiri da cuku, su mayar wuta cukun ya narke, su ci da kofi a tsaye kafin su wuce aiki. Abu ne da ke buƙatar firji da lantarki da bota mai kyau, shi ya sa ko a Nijar ɗin sai a Yamai da 'yan shagunan manyan garuruwa.

Mu a nan ta hannun matafiya muka san shi: 'yan kasuwa, da masu zuwa asibiti, da ɗalibai, musamman tun da aka buɗe jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi a 2013, 'ya'yan Katsina da Kano suka cika ta. Wani ɗan ƙanwata da ya yi karatu a can ya taɓa kawo wa yayanmu irin wannan tsaraba a 'yar takarda, mai ya ɓata gefenta. Dattijon ya karɓa ya sa albarka, amma bai kai baki ba.

“Me ke ciki, ɗana?”

“Cuku ne, Kawu, da nama.”

“Naman me?”

“Na shanu ne. Mai shagon Musulmi ne, a gabana ake yi.”

“Ka tambaya, ko ka ɗauka?”

“Na tambaya, Kawu.”

Sa'an nan ya yi bisimilla ya gutsura. Ya tauna a hankali, ɓarɓashi na zuba a gemunsa, ya kakkaɓe. Ya ce da daɗi, Allah ya yi albarka, amma a kawo masa kokonsa, don wannan iska ce, ba za ta kai mutum ko bakin gona ba.

Tambayar farko ita ce ta fi tsaya mini. A kan burodi an rabu, a kan cuku an rabu, amma a kan naman alade babu ɗan Jibiya babu ɗan Maraɗi. Musulmin can da na nan amsarsu guda. Masu yi don Musulmi sun san haka, shi ya sa suke amfani da naman shanu ko na talo-talo da aka sarrafa ya yi kama da wancan, ko su sa kifi, ko su bar cukun shi kaɗai. Na ji wasu samari na ɗaukar wannan tambaya ƙauyanci, suna jin nauyin yin ta a shago mai gilashi da sanyi. Ban yarda da su ba. Yankan naman da aka sarrafa ba a gane dabbarsa da ido, kuma da yawa daga waje ake shigo da shi, rubutun jikin ledar da harshen da mai saye bai iya ba. Haƙƙin mai saye ne ya tambaya, wajibin mai sayarwa ne ya faɗa ba tare da ɓata rai ba. Wanda addininsa ya halatta masa, tsakaninsa da abincinsa ne, muna zaune lafiya da su tun da daɗewa. Abin da ba na so shi ne yaro ya haɗiye shakka don kada a ce bai waye ba.

In an wuce wannan, sauran duk sabo ne da irin aikin da mutum zai yi da rana. Yaron da zai zauna a aji ko gaban kwamfuta yana son abu mara nauyi, mai ɗan gishiri, wanda ba zai sa shi gyangyaɗi ba. Koko da ƙosai na kawo barci in ba gumi za ka yi ba, kowa ya san haka. Manomi da mai tura baro kuwa, kuɗin da zai sayi kurwasan ɗaya zai ciyar da shi da iyalinsa koko, ya kuma riƙe su har azahar. Akwai masu cewa warin narkakken cuku na tayar musu da zuciya, wai madara ce ta lalace. Akwai masu cewa tunda suka ɗanɗana ba su ƙara kallon mitfai ba, ya cika tauri da maiƙo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai dai masu ƙyamar cukun Turawa sukan ba ni mamaki, domin yawancinsu in aka kawo cukun Nijar har rige-rige suke. Wannan namu ne tun kafin a ja layi. Matan Buzaye da Fulani na ƙasar Dakoro da Abalak da Tawa su ke yi. A tatso madara, a ɗiga mata ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi mai shan nono, ta daskare, a shimfiɗa a 'yar tabarmar kara, a matse, a shanya. Ya fito falle-falle da zanen karan a jikinsa, ya bushe ya yi watanni bai lalace ba. Ana cin sa da shayi, ana ci da dabino, ana dakawa cikin fura ta yi gardi. Abin da fatake da makiyaya suka riƙa ɗauka ke nan a tafiyar da babu firji. Har yau in na ga ana yi wa yara burodi da cukun La Vache qui rit, mai 'yar takardar azurfa, nakan yi tunanin me ya hana wani mai gidan burodi a Maraɗi ko Katsina ya gwada namu, ya jiƙa shi ya yi laushi, ya haɗa da dakakken kilishi. Nama mai gishiri da yaji ga shi, cuku ga shi, duka halal, duka na gida. Awara ma, da ta shigo daga baya ta waken suya, ta nuna mana bakinmu na karɓar sabon abu in aka yi shi da kayanmu.

Akwai bakin da ba a cika ji ba a wannan musu, na mata. Mu maza mun iya yabon kokon da, amma ba mu muka tashi da duhu ba. Surfe da jiƙo da kai niƙa da tata da hura wuta da ɗanyen icce, duk a wuyan mace suke, ga yara da za a shirya makarantar allo da ta boko. Wata innata takan ce ranar da aka fara sayar da burodi a ƙofar gida ta san an rage mata aiki, ta samu ta yi lazimi a zaune bayan asuba. Ba na iya kallon wannan magana in ce burodi ɓarna kaɗai ya kawo. A ɗaya gefen kuma, koko da ƙosai da waina su ne jarin dubban mata a garuruwanmu, da su suke adashi, da su suke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. Kuɗin shayi da burodi yawanci hannun maza suke zuwa, daga nan su wuce kamfanin fulawa, daga nan su bar ƙasar. Kuɗin ƙosai a unguwa suke kwana.

Barin ƙasar da kuɗin nan ke yi shi ne inda abin ya ci mu. Fiye da kashi tara cikin goma na alkamar da Najeriya ke ci daga waje take zuwa, duk da noman rani na Kadawa da Haɗeja. Nijar ma fulawarta daga bakin teku ake jigilarta. Duk wanda ya mayar da burodi kalacinsa ya ɗaura safiyar gidansa a kan jirgin ruwa da farashin dala da sa hannun shugabanni, ko ya sani ko bai sani ba. Mu na bakin iyaka mun ga haka sau da yawa. An rufe iyaka a 1984 har zuwa 1986, daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada ya ƙanƙance, fulawa ta koma bin barauniyar hanya, sai a 1992 aka ɗage. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, dangin Maraɗi suka ji a jikinsu. A Agustan 2019 aka sake rufewa har Disamban 2020, aka kuma hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Jibiya na ciki. Teburan shayin Magama da ke raye da direbobin manyan motoci suka yi tsit. Sai yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya ɗaga alkama a duniya, aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin shekarar, iyaka ta sake rufuwa har Maris na 2024. A shekarar 2024 buhun fulawa ya haura naira 50,000. Jikar sefa, wadda a wajajen 2014 ba ta kai naira 400 ba, ta wuce naira 2,000. Da mu ke shiga Maraɗi da ƙarfin aljihu. Yanzu ɗalibin da ke karyawa da kurwasan sai ya yi lissafi sau biyu, yawancinsu sun koma baget da wake.

Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disamban 2023, a 2025 kuma hukumomin ƙasar suka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Na yi murna da wannan ƙwarai. Amma baget yana nan a bayan keke kowace safiya, kamar yadda burodin gwangwani ya zauna a wajenmu shekara sittin da wani abu bayan tafiyar Ingilishi. Wanda ke kwaɓawa Bahaushe ne, wanda ke ci Bahaushe ne, ya riga ya zama abincinsu, kuma ban ga dalilin da zai sa a ji kunyarsa ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da fulawa ta gagara, na nan da na can duk wuri guda suka nufa, gidan mai koko. Na ga ma'aikatan da suka yi shekaru ba su riƙe ludayi ba sun dawo layi da kwano. Musun dogo da gajere ya lafa, domin ba a musu a kan abin da ba a iya saye. Da a ce geron na nan yadda muka san shi, da sai in ce wahalar ta zo da sauƙinta.

To amma geron ma an taɓa shi, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Jibiya da Batsari da Safana, gonaki da yawa sun kwana ba a shuka ba. Ƙauyuka sun watse, mutane sun cika garin Jibiya, wasu sun tsallaka wajen dangi a jihar Maraɗi, wasu sun kwana a makarantu. An kore shanu, rugage sun tashi, nonon da ake dama fura da shi ya yi wuya, amana tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni. A 2021 har layukan waya aka katse, aka dakatar da kasuwannin mako a yankin, ciki har da ta Lahadi a Jibiya, inda waken Nijar da geron ƙauyukanmu ke haɗuwa. Mai ƙosai da ke auna wake da tiya ta koma aunawa da gwangwani. Ƙosan ya ƙanƙance, kokon ya tsinke, ta daina sa kanumfari. Mutumin da ya saba ɗebo gero daga rumbunsa ya koma saye da kuɗi, a garin da ba nasa ba. Tsadar burodi daga nesa ta zo mana, ana iya haƙura da shi. Tsadar koko a ƙofar gida aka haife ta, kuma babu wani abin da ke ƙasa da shi da za a koma.

Ana aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, kuma ta Jibiya zai bi. In Allah ya nufa aka gama, fulawa za ta ƙara kusa, baget zai iso Katsina da ɗuminsa, shagunan gilashi za su ƙaru, jikokinmu su yi nasu musun a kan wane cuku ya fi narkewa. Ba na adawa da ko ɗaya, in dai an faɗa musu abin da ke ciki. Amma jirgin ba zai shuka gero ba. Akwai gonaki a yamma da kudancin Jibiya da masu su suka yi damina bayan damina ba su taka ba, ga madatsar ruwan Jibiya da aka gina don noman rani tun ƙarshen shekarun 1980, wadda har yau ba a ci cikakken amfaninta ba. Masu koko na unguwarmu ba su tambayar yaushe jirgi zai zo, tambayarsu nawa tiya take bana.